Kwamfutar asibitin soja ba ta son gaggawa

A 2015 ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da kwangilar dala biliyan 4.3 don kafa manhajar MHS GENESIS, mai adana bayanan lafiyar sojoji da iyalansu. An gwada ta a cibiyoyi huɗu a jihar Washinton a 2017, amma a 2018 masu binciken ma'aikatar suka ce ba ta kai a dogara da ita ba. Gaskiyarsu ce. Ku dubi likita, majiyyaci na kwance gabansa, yana jiran allo ya buɗe don ganin maganin da jikin majiyyacin ba ya karɓa. Sai 2024 aka gama baza manhajar, sansani bayan sansani. Duk manhajar da rai ya rataya a kanta, a gwada ta sosai kafin a yaɗa ta.