Iskar da ke bisa kanmu ita ke riƙe da shibkarmu



Kowace shekara in bazara ta yi nisa, tambaya guda kuke yi mani a bakin kasuwa: "Malamin gona, mu shibka ko mu dakata?" Ruwa ya sauka sau ɗaya cikin watan Mayu, kowa ya ɗauki sungumi. Sai a yi kwana 20 babu ɗigo, tsiro ya ƙone, iri ya tafi. Na san wanda ya yi shibka sau uku a damana guda, ta ukun da hatsin bashi. Shi ya sa yau nake so mu yi zancen iska, don ita ke kawo ruwan nan, ita ke hana shi.

Kun taɓa lura? Da damana iskar da ke kaɗa rigarku daga kudu maso yamma take fitowa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne iska ba guda ba ce, hawa-hawa take. Ta ƙasa daga teku take, tana ɗauke da laima. Bisa gare ta, wajen kilomita 3 zuwa 4 a sama, akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Ita ke taimaka wa gizagizai su haɗu su yi dogon layi, ta kora su daga wajen Damagaram su bi ta Maraɗi da Tawa har Yamai. Irin wannan babban hadarin ne ke ba mu mafi yawan ruwan shekara. In iskar teku ba ta yi kauri ba, hadari ya taso ya zama ƙura kawai.

To, wa ke ganin iskar da ke kilomita 3 a sama? Tun da daɗewa ma'aikatan meteyo a filin jirgin Yamai suna sakin balan-balan mai ɗauke da ma'auni, su bi tafiyarsa. Amma sau ɗaya ko biyu ake saki a yini. Akwai kuwa wata na'ura da ake kira rada (ba raɗar kunne ba!). Tana harba igiyar rediyo sama, kamar mutum ya yi kuwwa cikin rijiya yana jiran amsa. Iskar sama ta mayar mata da ƴar amsa. Daɗewar amsar ke nuna nisa. Sauyin muryar amsar kuma ke nuna gudun iska da inda ta nufa, kamar yadda kukan mota yake dabam in tana tahowa da in ta wuce. Dare da rana take wannan awo, ba ta gajiya.

A 2006 masana daga ƙasashe da yawa sun taru don binciken damanar Afirka ta Yamma, aikin da ake kira AMMA. An kafa irin wannan rada a Yamai. Awon ya nuna abin da ya shafe ku ƙwarai: kafin damana ta zauna, da dare ne iskar teku ke kutsowa, a ƙasa-ƙasa, ta fi ƙarfi da asuba. Rana na ɗagawa, zafi ya cuɗa ta da busasshiyar iskar hamada, laimar ta ragu. Wannan kokawa tana ɗaukar makonni. A cikinta ne ruwan yaudara ke sauka. Sau da yawa sai wajen ƙarshen Yuni iskar teku ke yin nasara.

A farkon 2007 Amurkawa suka kwashe kayan awonsu zuwa Jamus, don aro ne. Littattafan binciken kuwa da Turanci da Faransanci aka rubuta su. Manomin da iskar ke ci wa iri bai ji komi ba.

Ra'ayina shi ne: ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984, ta kuma sha ambaliyar 2024, ya kamata a ce tana da irin wannan na'ura tata ta kanta, ba a Yamai kaɗai ba, har da gabas inda hadari ke fitowa. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, masu ilimin suna nan. Labarin kuma ya zo ta rediyo, da Hausa, a daren da ake bukatarsa.

Wani zai ce kuɗin nan gara a sayi taki ko a gina rijiya. Na ji, kuma ban raina taki ba. Amma takin da aka zuba wa tsiron da ya ƙone, wa ya ci riba? Ban ce rada ta san gaibu ba. Ruwa na Allah ne. Ba za ta faɗa maku ruwan watan gobe ba. Abin da take iyawa shi ne ta nuna ko iskar damana ta zauna, ko har yanzu leƙe take yi.

Kafin nan, ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuna da aiki. Kada ku zuba irinku duka a ruwan farko. Ku jira wanda ya kai milimita 20, ku kuma ajiye rabin iri a rumbu. Kowace asuba ku rubuta ta inda iska ta fito, da ranar da ruwa ya sauka. Ku aiko mana da takardun nan gidan rediyo, za mu karanta su a shirin manoma, mu kuma miƙa su ga ma'aikatan meteyo.