Hayaƙin da ba ya bi ta salansa

Duk wanda ya taɓa yada zango a Tafa ko Marabar Jos ya san kamannin ƙasar da tireloli ke kwana a kanta: baƙa wuluk, tana naso kamar an malala mata kwalta. In ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar da aka bar injinta yana aiki, sau da yawa za ka ga wani ɗan tiyo yana reto, tururi na fita daga bakinsa, baƙin mai na ɗiga a hankali. Daidai wajen ne yaran mota ke shimfiɗa tabarma su kwana.

Wannan tururi daga cikin injin yake. Duk lokacin da man dizal ya ƙone a saman fistan, wani kaso na iskar yakan kuɓuce ta gefen zobban fistan, ya gangara wajen da baƙin mai yake kwance, ya kwaso ɓurɓushinsa da toka da laima. Sabon inji ma yana yin haka, sai dai kaɗan. Dole kuma a ba iskar mafita, domin in ta taru za ta tunkuɗe robobin da ke tare mai, injin ya shiga yoyo ta ko'ina. Mafitar iri biyu ce: ko a sake ta waje ta wancan tiyo, ko a bi da ita ta matatar da ke raba mai da iska, man ya koma kasko, iskar ta koma cikin inji ta sake ƙonewa.

Ƙananan motocin fetur a Amurka sun rabu da hanyar farko tun farkon shekarun 1960. Manyan motocin dizal masu turbo aka daɗe ana ɗaga wa ƙafa, saboda tururin mai yana ɓata turbo da na'urar sanyaya iska. Sai a 2007 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta janye wannan sassauci: ko kamfani ya rufe tiyon, ko a haɗa abin da ke fita daga cikinsa da hayaƙin salansa wajen awo. Turai ta bi sahu da ƙa'idar Euro VI, wadda ta hau kan sababbin manyan motoci daga ƙarshen 2013.

A nan ne lissafin yankinmu ya karkace. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS sun amince a Wagadugu cewa motocin da za a shigo da su su kai matakin Euro IV, sinadarin farar wuta a cikin man da ake shigowa da shi kuma kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ci gaba ne, musamman in aka tuna cewa lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen dizal a 2016, ƙa'idar Najeriya ta yarda da kashi 3,000, alhali ta Turai 10 ce. Amma Euro IV ta girmi dokar tiyon. Ko da an aiwatar da yarjejeniyar Wagadugu harafi da harafi, tirela za ta iya shigowa da tiyonta a buɗe ba tare da ta karya doka ba.

Wadda ta zo da shi a rufe ma ba lallai ta daɗe a haka ba. Matatar kan toshe, kuma tana da lokacin canji. Mai mota da ke kukan tsadar dizal ba ya son jin wannan magana, sai bakanike ya zare tiyon daga hanyar iska ya sako shi ƙasa. Kafin a zarge shi, ya kamata a san yana da hujja. Injin dizal ba shi da fulogi, duk abin da zai ƙone in an matse shi abinci ne a wajensa. In zobba sun cinye, tururin mai ya yawaita yana komawa ciki, injin kan iya fara shan baƙin mansa, ya yi ta gudu babu linzami. A kashe makulli ba zai tsaya ba, sai an toshe masa hanyar iska ko ya tarwatse. Bakaniken da ya taɓa ganin haka ba zai so ya sake gani ba.

Sai dai dabarar tasa ɓoye ciwo take yi. Yawan tururin shi ne shaidar cewa injin yana neman gyara, kuma da zarar an sake shi ƙasa, motar za ta ci gaba da ɗaukar siminti da hatsi daga Kano zuwa Legas tana feshi. Dizal mai yawan farar wuta yana ƙara dagula lamarin, domin iskar da ta kuɓuce tana haɗuwa da laima ta zama sinadari mai cin ƙarfe, ta lalata baƙin mai, zobba su ƙara cinyewa. Man da ya ɗiga a kwalta kuwa, ɗan acaɓa ne ke sanin zafinsa ranar da aka yi ruwan farko. Tun a Yunin 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu, kuma tururin tiyon yana ɗauke da wani kaso na wannan hayaƙi, gauraye da tsohon mai.

Najeriya tana da dokar hayaƙin ababen hawa ta hukumar NESREA tun 2011, ga jami'an VIO a jihohi, ga hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyi. A shingen bincike takardu ake tambaya, sai taya da fitila. A ganina bai kamata a fara da tilasta rufe tiyon kowace tsohuwar mota ba, don hakan gayyatar haɗari ne. Abin da ya fi kusa shi ne a wajabta ɗaura gwangwanin tarar mai da matata a bakin tiyon, a kuma sa duba shi cikin sharuɗɗan takardar lafiyar mota. Gwajin ba ya buƙatar na'urar ƙasar waje. Kanikawa sun daɗe suna yin sa: a kwance murfin zuba baƙin mai inji na aiki, a ɗora shi sakwa-sakwa a bakin ramin. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauran ƙarfi a injin. In iska ta cilla shi, motar gareji ta nufa.