Fagen da Marubutanmu Suka Bari: Hoton Sararin Samaniya

'Yan uwa marubuta, a ganina mun yi sake da wani fage: labarin masu ɗaukar hoton rana da taurari don sha'awa.

A 2009 wani ɗan Ostareliya, Anthony Wesley, ya ɗauki hoton wani baƙin tabo a jikin duniyar Mushtari da madubin hangen nesansa na gida. Daga baya NASA ta tabbatar cewa wani abu ne ya faɗa mata.

Aikin na haƙuri ne. Iska tana sa hoto rawa, don haka ake ɗaukar dubbai, a zubar da masu dishi-dishi, a haɗa masu kyau a kwamfuta su zama ɗaya. Rana kuwa ba a kallonta ta madubin sai da matatar haske ta musamman, in ba haka ba ido ya tafi.

Muna da sunayenmu: Zara, Gamzaki, Kaza da 'Ya'yanta. Yaron da ya ga waɗannan hotuna a waya, da wane suna zai kira su idan ba mu rubuta ba? Mu ɗauki alƙalami tun tsofaffin da suka san sunayen suna raye.