Mawaƙa masu zaman kansu a Zariya: Waƙa ta yaɗu, amma ina ribar?

A cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka gabata, sana'ar waƙar Hausa ta fuskanci sauyin da ba ta taɓa ganin irinsa ba. A halin da ake ciki yanzu, matashin da ke zaune a Chikaji ko Samaru, a ƙaramar hukumar Sabon Gari ta jihar Kaduna, yana iya tsara waƙa da safe, ya shiga situdiyo da rana, kafin gari ya waye an saurare ta a Yamai da Kumasi da Jidda. Ba ya bukatar izinin ɗan kasuwa, ba ya jiran kiran fada. To amma ayar tambaya a nan ita ce, shin wannan 'yanci ya zame masa hanyar rufin asiri, ko kuwa suna kawai ya tara?

Garin baƙi da ɗalibai

Ba abin mamaki ba ne a ce wannan yanki na Zariya ya zama matattarar masu neman sa'a a fagen waƙa. Sabon Gari ya kafu ne a farkon ƙarni na 20 sakamakon isowar layin dogo, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa dabam-dabam na Nijeriya suka yada zango a wajen ganuwar birni. Tun daga wancan zamani gidajen silima da wuraren shaƙatawa suka fi yawa a can, yayin da cikin birni ya ci gaba da riƙe kiɗan fada da al'adun masarautar Zazzau. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a shekara ta 1962 ya ƙara wa yankin dubban matasa masu sauraro, waɗanda ke zuwa da salon garuruwansu su kuma koma da na wasu. Wannan jami'a ce ma ta ba marigayi Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a shekara ta 1988, matakin da ya nuna cewa masana sun yarda waƙar baka ilmi ce mai zaman kanta.

Sai dai zamanin Shata da na mawaƙin yau sun sha bamban. A da, mawaƙi kan tashi ne a ƙarƙashin wani babba, ya fara da amshi ko ɗaukar kalangu, ya shafe shekaru kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Yana da iyayen gida a cikin sarakuna da attajirai, kuma kyautar doki da riga da mota ita ce ladansa. Daga wajejen ƙarshen shekarun 1990 kuwa, sai fiyano samfurin Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, mutum ɗaya ya maye gurbin makaɗa biyar ko shida. Daga bisani kwamfuta ta zo ta ƙara sauƙaƙa aikin, har ya zamana ɗaki guda da makirufo da janareto sun isa a kira su situdiyo.

Rushewar kasuwar faifai

A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwa ne ke riƙe da wuyan sana'ar, musamman na Ƙofar Wambai a Kano. Su ke sayen waƙa a dunƙule, su buga, su rarraba. Mawaƙa sun sha kokawa da cewa ana yi musu sayen wulaƙanci, amma ko ba komai akwai kuɗin da ke shiga hannu tun kafin waƙa ta fita. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a shekara ta 2001, da kuma yaɗuwar wayoyi masu ɗaukar katin ajiya, wannan kasuwa ta fara durƙushewa. Masu tura waƙoƙi a rumfunan cajin waya suka maye gurbin masu sayar da faifai, suna loda wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan, ba tare da ko ƙwandala ta isa ga mai waƙar ba.

Abin lura a nan shi ne, yawancin ƙananan mawaƙa ba su ɗauki masu turin a matsayin abokan gaba ba. Sau da yawa mawaƙin ne da kansa ke kai musu sabuwar waƙa, domin ya san ta hannunsu za ta shiga motocin haya da shagunan aski da teburan masu shayi. Ke nan waƙar ta tashi daga matsayin hajar sayarwa ta koma talla, wato hanyar da mawaƙi ke sanar da jama'a cewa yana nan, ko Allah zai sa a gayyace shi wasa.

Biki da liƙi

Har gobe dai gidan biki shi ne gonar mawaƙi mai zaman kansa. Waƙar ango da amarya, wadda ake jero sunayen dangi da ƙawaye a cikinta, ita ce aikin da ake biya kai tsaye, sannan ga liƙi a wurin kamu ko liyafar dare. Akwai kuma wasannin Sallah, da bukukuwan ɗalibai a Samaru da Kongo, da majalisin Maulidi ga masu waƙoƙin bege. To amma kusan kowace daga cikin waɗannan kafofi ta gamu da cikas a 'yan shekarun nan.

Dokar kulle ta annobar korona a shekara ta 2020 ta tsayar da taruka cak a jihar Kaduna na tsawon watanni. Matsalar masu garkuwa da mutane, wadda ta kai har ga harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, ta sa jama'a ɗari-ɗari da tarukan dare. A shekara ta 2022 kuma yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki watanni takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, abin da ya mayar da Samaru tamkar kufai ga duk mai cin abinci da ɗalibai. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sannan aka janye tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekara. Iyalin da tsadar shinkafa da kayan ɗaki ta sha wa kai, mawaƙi ne farkon wanda za su soke daga lissafi, su ɗauko mai saka faifai da lasifika a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Shi kansa liƙin yana da matsala a fuskar doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira ko tattaka su a wurin taro, tare da tanadin ɗaurin da bai gaza watanni shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu 50 ba, ko duka biyun. An daɗe ba a damu da wannan doka ba, amma tun daga 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu fitattun mutane a kanta. Al'adar da ta kasance albashin makaɗi tun kaka da kakanni ta zama abin da mai yi ke waige-waige.

Alƙawarin intanet

A ɗaya hannun kuma, ana ta kwaɗaita wa matasa dukiyar da ke cikin intanet. Kamfanin Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Fabrairun 2021, ya bayyana cewa mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira miliyan dubu 58 ta hanyarsa a shekara ta 2024. Adadin yana da tsoka, sai dai bisa ga dukkan alamu kaso mafi girma na tafiya ne ga taurarin Legas masu masu sauraro a Turai da Amurka. Daga shekara ta 2024 ma kamfanin ya daina biyan masu faifai haƙƙi a kan waƙar da ba a saurara sau dubu ɗaya ba cikin watanni goma sha biyu.

Masu sauraron waƙar Hausa sun fi karkata ga YouTube da TikTok da Audiomack, da kuma turawa ta WhatsApp. Kafin mawaƙi ya fara cin kuɗin talla a kan dogayen bidiyoyinsa a YouTube, sai ya tara mabiya dubu ɗaya da awoyin kallo dubu huɗu a cikin shekara guda. Ko ya cika sharaɗin, abin da ake biya ya danganta ne ga ƙasar da mai kallo yake, kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Zariya ba ta kai darajar wadda aka nuna a London ba. Daɗin daɗawa, ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta amince da shi a watan Janairun 2025 ya ƙara tura talaka ga tsohuwar hanyar karɓar waƙa kyauta daga wayar aboki. Ko shakka babu akwai waɗanda suka dace, kamar yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye kafofin sada zumunta a 2020, amma nasarar mutum ɗaya ba ta zama ma'aunin halin da ɗaruruwa ke ciki ba.

Komawa ga ubangida

Wannan giɓi ne ya sa siyasa ta zama babbar kasuwar waƙa a arewacin Nijeriya. Ɗaukakar da Dauda Kahutu Rarara ya samu tun daga yaƙin neman zaɓen 2015 ta nuna wa matasa inda kuɗin yake, kuma a duk kakar zaɓe situdiyoyi kan cika da masu tsara waƙar ɗan takarar kansila ko ɗan majalisa. Masu iya magana kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da ɗan siyasa ke biya wa kuɗin situdiyo da hayar gida, da wuya ya buɗe baki a kan rashin ruwan famfo ko lalacewar makarantar unguwarsu. Ta haka wanda ya kuɓuta daga hannun ɗan kasuwa ya sake faɗawa hannun wani ubangidan, wanda bukatarsa gare shi kan ƙare da zarar an ƙidaya ƙuri'a.

Asarar ba ta mawaƙin kaɗai ba ce. Zariya gari ne da aka san shi da alƙalami, inda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma inda aka wallafa waƙoƙin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja masu farkar da al'umma. Idan yabo da zambo suka zama su kaɗai ke ciyar da mai fasaha, to al'umma ta rasa ɗaya daga cikin madubanta. Kazalika akwai matsin lamba ta fuskar tarbiyya. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i tun a 2001, kuma tsananin da aka yi daga 2007 ya sa wasu masu sana'ar ƙaura zuwa Kaduna. A Zariya, garin malamai da makarantu, ra'ayin iyaye da na malaman unguwa shi ne babban ma'auni, kuma mawaƙin da ya nemi suna cikin gaggawa ta hanyar batsa kan rufe wa kansa ƙofofin gidajen mutunci, waɗanda su ne ke gayyata biki.

Ina mafita?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai fasaha ikon neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izininsa ba, ta kuma kare waƙa har shekaru 70 bayan rasuwar mai ita. Amma doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba. Galibin cinikin da ke tsakanin mawaƙi da mai kiɗa da mai situdiyo da baki ake ƙulla shi, sai waƙa ta karɓu rigima ta tashi a kan wane ne mai ita. Rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, da ɗora waƙa a shafin da mawaƙi ke da mabuɗinsa, da yin rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa kamar MCSN, matakai ne da ba su bukatar jari mai yawa.

Sauran aikin kuwa na al'umma ne. Gidajen rediyon da ke cika shirye-shiryensu da waƙoƙin matasa ya kamata su riƙa biyan haƙƙi, jami'a mai sashen nazarin wasan kwaikwayo da na harsunan Afirka tana da damar buɗe dandalin da za a shiga da tikiti a saurari waƙa mai ma'ana da rana tsaka, su kuma masu sauraro su san cewa waƙar da ke ɗebe musu kewa wani ne ya sayi fetur ya zauna ya yi ta. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan siyasa za su sake buɗe bakin aljihu. Muddin mai sauraro bai saba biya ba, to mai biya ne zai ci gaba da zaɓar abin da za a rera masa.