Ƙwayoyin cutar baki da sankara: Ina Jigawa ta tsaya?

A watan Satumba na shekara ta 2024, wasu masana a Jami'ar New York da ke Amurka sun wallafa sakamakon wani bincike da ya nuna cewa wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a bakin mutum suna da alaƙa da kamuwa da sankarar baki da ta maƙogwaro.

Masanan sun yi amfani da yawun da aka karɓa daga mutane kusan 160,000 a lokacin da suke cikin ƙoshin lafiya, aka kuma bi diddiginsu fiye da shekaru goma.

Daga cikinsu mutum 236 ne suka kamu da cutar. Da aka kwatanta yawunsu da na waɗanda ba su kamu ba, sai aka gano nau'o'in bakteriya 13 da suka bambanta su.

A cewar binciken, waɗanda haɗin ƙwayoyin bakinsu ya fi muni sun fi sauran fuskantar haɗarin da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Wasu daga cikin ƙwayoyin da aka duba kuwa su ne dai waɗanda aka daɗe da sanin suna haddasa ciwon dasashi.

Abin da binciken bai ce ba

To sai dai kuma masanan da kansu sun yi kashedin cewa alaƙa suka gano, ba su tabbatar da cewa ƙwayoyin ne ke haifar da cutar kai tsaye ba.

Bakin kowane mutum mai lafiya yana ɗauke da ɗaruruwan nau'o'in bakteriya, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa. Matsalar takan taso ne idan dauɗa ta taru a gindin haƙori, dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini shekara da shekaru.

Likitoci na ganin cewa irin wannan kumburi da ba ya warkewa yana lalata fatar cikin baki sannu a hankali. Haka nan wasu ƙwayoyin kan sarrafa barasa su mayar da ita wani sinadari mai illa ga ƙwayoyin halitta.

Ba wannan ne karon farko da aka danganta ƙwayar cuta da sankara ba. Tun a shekara ta 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki cikin jerin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi. Likitocin nan biyu na ƙasar Ostareliya da suka gano ta, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu lambar yabo ta Nobel a shekara ta 2005, bayan an daɗe ana yi musu kallon masu tatsuniya.

Alƙaluman hukumar na shekara ta 2022 sun nuna cewa mutane kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da baki a duniya, yayin da kimanin 188,000 suka mutu.

Daga New York zuwa Dutse

An yi binciken ne a kan Amurkawa, waɗanda abincinsu da ɗabi'unsu suka sha bamban da na mutumin Kiyawa ko Jahun. Amma ciwon dasashi bai san iyakar ƙasa ba, kuma a nan ne maganar ta shafi Jigawa.

A garuruwan da ke kewaye da Dutse, ba kasafai ake ɗaukar jinin da ke fita lokacin goge baki a matsayin ciwo ba. Mai ciwon haƙori yakan fara da ruwan gishiri ko kanumfari, daga nan ya wuce kemis ya sayi kafso, in abin ya ci tura ya nemi wanzami.

Shan irin waɗannan magunguna barkatai na iya kwantar da zogi na 'yan kwanaki, amma yana kashe ƙwayoyin masu amfani tare da masu cutarwa, tushen ciwon kuma yana nan daram.

Ga kuma taba, wadda har yanzu ita ce kan gaba wajen haddasa sankarar baki. Ba sigari kaɗai ake nufi ba. Garin tabar da wasu dattawa ke cusawa a ƙarƙashin leɓe yana daɗewa manne da fatar bakin, kuma masana sun tabbatar da cewa tabar da ba a kunna mata wuta ma tana jawo cutar.

Akan ji wasu na tambaya game da goro. Ƙwayar da aka tabbatar tana haddasa sankarar baki a Indiya da maƙwabtanta, wadda ake kira areka, wata bishiya ce dabam, ba goron da ake rabawa a wajen ɗaurin aure ba.

Abin da ke hannun jama'a kuwa shi ne asuwaki. Al'ada ce da addini ya ƙarfafa, kuma bincike ya nuna cewa idan aka yi amfani da shi yadda ya kamata yana rage dauɗar haƙori. Sai dai ba ya cire dauɗar da ta riga ta daskare kamar dutse, wannan aikin likitan haƙori ne.

Zuwa a makare

Babban abin da ke kashe masu sankarar baki a ƙasashe irin Nijeriya shi ne zuwa asibiti a makare, alhali cuta ce da ido ke iya ganinta tun tana ƙarama.

Likitoci na shawartar duk wanda ya ga miki a harshe ko a kumatu da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko wani farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ko kullutu a wuya, da ya je a duba shi.

Mutanen wannan yanki suna da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. To amma manomin Buji ko Miga ƙaramin asibitin ƙauyensu zai fara zuwa, in ma ya je, kuma idan cutar ta yi nisa har ta buƙaci gashi da na'ura, magana ce ta tafiya manyan cibiyoyi kamar na Zariya ko Abuja, da kuɗin mota da na masauki da na jinya.

Don haka matakin da ya fi araha shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi 27 na jihar su riƙa leƙa bakin maras lafiya da cocila, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi. Aiki ne na 'yan mintoci.

An riga an ɗauki wani mataki ta wata fuskar. A watan Oktoba na shekara ta 2023, Jigawa na cikin jihohin farko da aka fara yi wa 'yan mata masu shekaru 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV. An kawo shi ne domin sankarar bakin mahaifa, amma ita wannan ƙwayar tana cikin masu haddasa sankarar maƙogwaro.

Watanni biyu bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da buƙatar da Nijeriya ta jagoranta ta sanya cutar zaizayar baki, wadda ke cinye fuskokin yara masu fama da yunwa a arewacin ƙasar, cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ita ma daga kumburin dasashi take farawa.