Dodo Da Duwatsun Ɗan Auta

Akwai waɗansu mutane, har da waɗanda suka iya karatu, masu cewa tatsuniya hirar tsofaffin mata ce da yara, ba ta da wani amfani ga mai hankali. Wannan magana kuskure ce babba, kuma labarin Ɗan Auta da Dodo ya isa ya nuna haka.

Ga yadda labarin ya ke. An yi wani gari wanda Dodo ya addaba. Kullum dare sai ya zo yana kewaya gari yana ruri, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, har Sarki da jarumawansa. Ran nan Auta ya sauka garin tare da yayarsa. Da ya ji rurin, sai ya hura wuta, ya zuba duwatsu a ciki har suka yi ja wur. Dodo ya matso ya wangame baki, Auta ya yi ta jefa masa su, ya haɗiye, cikinsa ya ƙone, ya mutu.

To, masu raina tatsuniya su kan ce ai sa'a ce kawai yaron ya taka. Ina sa'a a nan? Wuta da duwatsu akwai su a kowane gida na garin nan. Abin da mutanen suka rasa shi ne tsayawa su dubi Dodo da kyau. Sun ji ƙara, sun rufe ƙofa, har tsoro ya zame musu al'ada. Auta kuwa ya lura cewa bakin nan da a ke tsoro, shi ne ƙofar da za a bi a kashe mai shi.

Wanda ya ke shakka, sai ya tuna da kurkunu. Shekaru aru-aru ciwon nan yana kwantar da manoma daidai lokacin aikin gona, mutane suna cewa ƙaddara ce, ba yadda za a yi. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai ta yawa a duniya. Ga shi kuma ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani.

Amma masana sun bi sawunsa. Tsutsar ta kan yi kamar shekara guda a jikin mutum, kana ta huda fata, galibi a ƙafa. Zafi ya sa mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani ya zo ya sha ruwan. Watau dai galibi ta ruwan sha kurkunu ya ke isa ga mutum. Nan ne bakin Dodo. Sai aka koya wa jama'a su tace ruwa da ƙyalle, su hana mai ciwon shiga tafki, aka kuma haƙa rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin mutane. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A 1986 masu ciwon a duniya sun kai miliyan 3 da rabi, a 2023 ko 20 ba su cika ba.

Har wa yau akwai wani kuskure, na masu cewa darasin labarin shi ne a zauna a jira wani Auta, ko Gwamnati, ya zo ya yi ceto. Wannan ma lalaci ne aka sa wa rigar haƙuri. Ma'aikatan lafiya sun kawo ilmi da ƙyallen tacewa, gaskiya ne, amma matar gida ce ta tace ruwan kowace safiya, dagaci da mai unguwa ne suka sa ido a bakin tafki. Da sun ƙi, da har yanzu a na nannaɗe tsutsa a jikin tsinke. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Dodanni ba su ƙare ba. Amai da gudawa ta ruwa mara tsabta ya ke shiga gari, zazzaɓin cizon sauro kuwa daga kwatami da kududdufi ya ke tasowa. Kowannensu yana da hanyar da ya ke bi, kuma an san ta. Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ba shi da hujjar da zai ja ƙyaure ya ce an saba. Tun da ya iya karanta takardar malamin tsabta, wajibi ne a kansa ya karanta wa maƙwabtansa, ya kuma fara gyara rijiyar gidansa da kwataminsa kafin ya ga laifin wani.