Rariyar da ido ba ya gani

A ƙasar Kurfai, zancen ruwa ba ya tsufa. Cikin kwarin Dallol Bosso, inda Filinge take, ruwa ba ya da nisa, amma wasu rijiyoyin kanwa ta yi musu yawa. Bisa tudu kuwa, sai an saki guga gaba da yawa kafin ya taɓa ruwa. Rariyar gida tana tare yashi da haki, amma gishirin da ya narke yakan wuce abinsa.

Wannan gishiri ne masana kimiyyar sinadarai suke neman tarewa. Suna ɗinke ƙwayoyin ƙarfe, kamar tutiya ko alminiyom, da sinadarai masu gawayi, sai su zama saƙa mai ramuka daidai wa daida, wadda ake kira MOF. Kan wannan saƙa ce aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel a shekara ta 2025.

Saƙar mai kauri tana jinkirta abin da ke ratsa ta, don haka ake fere ta. A shekara ta 2014, masana a birnin Dalian na ƙasar Sin suka niƙa ta sannu cikin ruwan sinadari, suka girgiza ta da sauti mai ƙarfi, har ta rabu falle-falle. Kaurin kowane falle nanomita ɗaya ne. Sai an jera dubbai goma-goma kafin su kai kaurin gashi guda. Da su suka raba iskar haidurojin da hayaƙin gawayi. A 2020, a jami'ar Monash ta Ostareliya, aka jera fallayen alminiyom, ruwa ya wuce, kusan dukan gishirin ya tsaya.

Sai dai gwajin ɗakin bincike daban, bakin rijiya daban. Ƙera falle mai faɗi ba tare da tsagewa ba aiki ne mai wuya da tsada. Ɗan kasuwar da aka yi wa tallar matatar ruwa da sunan wannan fasaha, ya nemi shaidar awo kafin ya kwance lalitarsa.

Ma'aikatan ruwa kuwa, aikin da ke gabansu shi ne auna rijiyoyin Kurfai ɗaya bayan ɗaya, tare da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ranar da rariyar ta iso kasuwa, wanda ya san abin da ke cikin ruwansa shi ne zai san irin wadda zai saya.